Wusasa da Zumuncin Hausawa Kiristoci

Wusasa tana yamma da birnin Zariya, a gindin duwatsu. Nan ne mishan ɗin CMS na cocin Angilika ya tare wajen 1929 bayan ya bar cikin ganuwa, nan ne kuma aka sami al'umma ta farko mai ɗorewa ta Hausawa da Fulani Kiristoci. Tarihin garin ya fi shafar dangantaka fiye da gine-gine, domin a ƙasar Hausa ta wancan zamani wanda ya sake addini ya taɓa aurensa da gadonsa da akushin da yake sa hannu a ciki, har da maƙabartar da za a kai shi.

Mafarin labarin ya girmi zuwan Turawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani Malam Ibrahim wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayin da malaman birni suka ce ya wuce iyaka. Labarin baka ya ce an nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa wajajen Ningi da ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau, suna riƙe da aƙidarsu a ɓoye.

Likita Walter Miller na CMS kuwa ya fara shigowa ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, wanda Sarkin Kano Alu ya sallama bayan 'yan kwanaki. A 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Shekaru suka yi ta wucewa, masu karɓar baftisma ba su taka kara sun karya ba, kuma da dama daga cikinsu yara ne da aka 'yanta daga bauta, waɗanda dama ba su da dangin da za su yi musu fushi. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi domin su yi noma su yi ibada tare, amma cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, aka tashi ƙauyen, yaran da suka tsira aka kai su makarantar Zariya.

Abin da ya sa sake addini ya yi nauyi shi ne shari'a da al'ada sun haɗu a kansa. A fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke hukunci da shi, wanda ya yi ridda ba ya gadon Musulmi, igiyar aurensa kuma ta tsinke. Musulmi yana iya auren Kirista, amma ba a ba Kirista 'yar Musulmi. Saurayin da ya bi mishan sai ya wayi gari babu gidan da zai aika neman aure, babu kawun da zai karɓa masa, babu gwaggon da za ta kai lefe. Mishan ma yana da nasa sharaɗin mai tsauri: ba a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Magidanci mai mata biyu sai ya zaɓi tsakanin majami'a da uwar 'ya'yansa, kuma sau da yawa matar da aka sallama ce ta ɗauki asarar, ita da ba a tambayi ra'ayinta ba. Wannan ne ya sa karatun 'ya'ya mata ya zama dole ga mishan, ya kuma sa 'yan gidajen Wusasa suka yi ta auren juna har kusan kowa ya zama surukin kowa. Dangin da aka rasa a birni, aka sake ƙulla wani a gindin dutse.

Duk da haka ba su zubar da Hausancinsu ba. Majami'ar Saint Bartholomew da tubali da ƙasa aka gina ta, da bakan gizo irin na soron sarakuna. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Miller ya yi wa aiki mai yawa tare da Hausawan da ke gefensa, da sunan Allah yake kiran Ubangiji. Namiji yana sa riga da hula, ana ce masa Malam. Bulus ko Istifanus suna bayyana addinin mai sunan, amma Yakubu da Yusufu da Dauda ba sa nuna komai, sai an ga inda mutum ya nufa ranar Lahadi. Haushi ba ya kankare jini, saboda haka a gidaje da yawa, bayan zafin farko ya huce, an koma gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, ana aika tuwon Sallah ana karɓar na Kirsimeti. Asibitin Saint Luke ma ya taimaka, tunda ba a tambayar majinyaci addininsa kafin a duba shi.

Boko ya mayar da wannan 'yar ƙaramar al'umma kusa da masu mulki. Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, shi ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta, yana zaune da irin su Abubakar Imam da Aminu Kano. Asibitin da ke ɗauke da sunansa yana nan a Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello aikin likita, ya kuma riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon, ko da yake iyayensa Angasawa ne daga Filato, a Wusasa ya tashi.

Daga baya zama ya yi tsami. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya, aka ƙona majami'u da yawa, maƙwabtan da suka daɗe suna aron wuta a gidan juna suka fara duban juna a kaikaice. Hausawa Kiristoci, waɗanda yawancinsu a yau daga zuriyar Maguzawan Kano da Katsina da Zazzau suka fito, suna kuma kiran kansu Masihiyawa, sun sami kansu a tsaka mai wuya: wasu 'yan'uwansu Musulmi na ganin sun fita daga dangi, wasu Kiristocin kudu kuma, da sun ji harshensu sun ga hularsu, sai su ɗauke su Musulmi.