Siyasar Kabari: Nkrumah da Ahijo

A al'adarmu ta Musulmi, jana'iza ba ta da dogon zance. A yi wa mamaci wanka, a sa shi a likkafani, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, sarki ne ko talaka. Amma idan mamacin ya taɓa riƙe ƙasa, gawarsa kan zama abin ja-in-ja tsakanin masu mulki, domin duk wanda ya jagoranci makokin yana neman gadon farin jinin marigayin.

Mu dubi Kwame Nkrumah. Sojoji sun kifar da shi a 1966, ya samu mafaka a Gini wurin Seku Ture, ya rasu a Bukares ta ƙasar Romaniya ranar 27 ga Afrilu, 1972. Aka yi masa gagarumar jana'iza a Konakiri. Gwamnatin Kanar Acheampong, wadda ita ma da juyin mulki ta hau a farkon shekarar, ta yi ta lallashin Gini har aka maido da gawar cikin watan Yuli. Sai dai an binne ta a ƙauyensu Nkroful, nesa da fadar mulki. Bayan shekara 20, a 1992, gwamnatin Rawlings ta sake ɗauko ta zuwa Akara, daidai filin da ya yi shelar 'yancin kai a 1957. A shekarar ce kuma Rawlings ya tsaya takarar shugaban ƙasa.

A Kamaru labarin ya sha bamban. Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya sauka da kansa a 1982, ya miƙa wa Paul Biya mulki. Ba a jima ba suka ɓata, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 1984. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba, 1989, aka binne shi a maƙabartar Yoff. Matarsa Germaine ta yi shekaru tana neman a maida shi gida da girmamawar hukuma, har ita ma ta rasu a 2021, aka kwantar da ita kusa da shi.

Me ake tsoro ga mutumin da ya riga mu gidan gaskiya? Taron da zai raka shi. Jama'ar da ta cika titi don kuka tana ganin yawanta da idonta, mai mulki ma yana gani.

Saboda haka, mu mazauna zango-zango na waɗannan ƙasashe, idan aka ba da hutun makoki, mu lura da wanda ke sahun gaba, da inda aka haƙa kabarin, da wanda aka bari a ƙasar wasu. Allah Ya sa mu cika da imani.