Sunan Sana'a: Daga Maƙeran Rasha Zuwa Wanzaman Tamale

A ƙasar Rasha da wuya ka shiga gari ba ka tarar da mai suna Kuznetsov ba. Ma'anarsa ɗan maƙeri. Melnikov ɗan mai niƙa ne, Popov ɗan limamin coci. Ivan Goncharov, marubucin da ya fitar da littafin Oblomov a 1859, sunansa na nufin ɗan maginin tukwane. Yawancin talakawan Rasha ba su da sunan dangi sai bayan 1861, lokacin da aka 'yanta manoman da ke bautar masu gonaki. Da aka zo rubuta su a rajista, sana'ar kaka ta zama sunan jikoki da yawa.

To, mu fa? Bahaushe ya fi ɗaukar sunan uba ko na gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Sana'a kuwa laƙabi take zama: Audu Maƙeri, Garba Wanzami, Isa Madugu. Wasu laƙuban sun zauna daram har sun zama sunan gida, irin su Liman, Ladan da Alƙali. Ka ga Liman namu da Popov nasu, hanya ɗaya suka biyo.

Waɗannan laƙuba fataucin goro ne ya kawo su nan. Madugai ke jagorantar ayari daga Kano zuwa Salaga, maƙera da mahauta da wanzamai na biye. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, baƙi suka bazu zuwa Kete Krachi, Yeji da Kumasi, wasu kuma suka gangaro Tamale, wadda ta zama hedkwatar Arewa a 1907. Shi ya sa har yau ko Badagombe "wanzam" yake cewa.

Yanzu abin da rajista ta yi wa Rasha, katin Ghana Card na yi mana: abin da aka rubuta, shi jikoki za su gada. A nan Kaladan sai ka ji saurayi na jin kunyar a ce masa ɗan mahauta, ya goge laƙabin gidansu. Haba! Kafin ka goge, zauna da dattijon gidanku ka tambaye shi wa ya fara amsa sunan, kuma ta wace hanya ya iso Tamale. Sau da yawa laƙabin nan ne kaɗai shaidar da ta rage muku.