Kama, Siffa, Sura da Hoto: Yadda Hausa ke Kiran Kamannin Mutum

Hausa ba ta taƙaita ga kalma guda ba wajen ambaton kamannin mutum. Tana da kalmomi da dama, waɗanda suka kasu gida biyu. Kashi na farko ya shafi abin da ke jikin mutum tun daga halitta, wato kama, siffa da sura. Kashi na biyu kuma ya shafi abin da aka kwafo daga jikinsa aka ajiye a takarda, ko allo, ko dutse, wato hoto, zane da mutum-mutumi. Sanin wannan bambanci yana da amfani ga mai cike takardun ofis, da mai ba da shaida, da mai cigiyar wanda ya ɓata.

Kama da kamanni

Kama tsohuwar kalma ce a Hausa, kuma jam'inta kamanni ko kamannu. A rubutu ta yi daidai da aikatau “kama” na kama ɓarawo, amma a furuci sun bambanta: wasalin farko na kama mai nufin kamanni gajere ne, na aikatau kuma dogo, sannan karin sautinsu ba ɗaya ba ne. Daga gare ta aka samo “kamar” da “kamanta” da “kamanceceniya”.

Yawanci ana kawo ta ne idan ana gwada mutum da wani. Akan ce yaro ya yi kama da mahaifinsa, ko ya ɗebo kamannin kakarsa. Idan kamar ta yi yawa, sai a ce kamar an tsaga kara. Idan ciwo ko wahala ta rame da mutum, akan ce ya fita daga kamanninsa. Duk da haka Hausawa sun yi kashedi da cewa kama da wane ba wane ba ne.

Siffa da sura

Waɗannan biyu daga Larabci suka shigo. Siffa, jam'inta siffofi, bayani ne na yadda mutum yake: dogo ne ko gajere, fari ko baƙi ko wankan tarwaɗa, mai wushirya ko mai saje. Kafin hoto ya yaɗu, da siffantawa ake cigiya, kuma tsagar fuska, irin su bille da zube, takan nuna asalin mutum da zuriyarsa. Siffa ba ta tsaya ga jiki ba, domin akan ce haƙuri da gaskiya siffofi ne na mutumin kirki. Masana nahawu kuma sun ari kalmar suka raɗa wa rukunin kalmomin da ke bayyana suna, irin su babba da ƙarami.

Sura tana nufin ƙirar jiki gaba ɗaya, shi ya sa ake cewa wance tana da kyakkyawar sura. A Larabci wannan kalma daban take da surar Alƙur'ani, domin harafinsu na farko ba ɗaya ba ne, amma a bakin Bahaushe sun zama ɗaya. Daga tushenta ne kuma aka samo taswira, wadda a yau aka fi sani da ma'anar zanen ƙasa da iyakokinta.

Hoto

Hoto, jam'insa hotuna, aro ne daga Ingilishi. Sautin “f” ya koma “h” a gaban wasalin “o”, kamar yadda ya faru a kalmar hoda. Irin wannan musanya sananniya ce a kare-karen harshen, inda wasu ke cewa fuska da fura, wasu kuma huska da hura. Fasahar ɗaukar hoto ta bayyana ga duniya a Faransa a shekarar 1839, kuma bayan ta iso ƙasar Hausa sai kalmar ta samu gindin zama, har ta haifi maganganu irin su ɗaukar hoto, wanke hoto, mai hoto da hoton fasfo.

Ma'anarta ta ci gaba da faɗaɗa. A asibiti ana ɗaukar hoton ƙirji ko na ciki. Akwai hoton bidiyo, wanda wasu ke kira hoto mai motsi. Har fuskar da aka buga a jikin kuɗi hoto ake ce mata. A 1977 aka fitar da takardar naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammad, wadda ita ce ta farko da ta ɗauki fuskar wani fitaccen ɗan Najeriya, shi ya sa ake kiranta 'yar Murtala. Takardar naira 5 tana ɗauke da hoton Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta naira 200 kuma na Sardauna Ahmadu Bello.

A zancen hikima, idan aka ce shugaba ya zama hoto, ana nufin yana kan kujera amma ba shi da ta cewa.

Zane, mutum-mutumi da gunki

Zane shi ne kamannin da aka fitar da hannu, da alƙalami ko fenti. Mutum-mutumi kuwa yana da jiki, ko sassaƙa shi aka yi, ko ƙera shi, ko haɗa shi da tsumma don korar tsuntsaye a gona. A yau har na'urar da ke kwaikwayon aikin ɗan Adam ana kiranta da wannan suna. Gunki, jam'insa gumaka, shi ne wanda ake bauta wa, saboda haka kuskure ne a kira kowane mutum-mutumi gunki. Malamai da yawa ma sukan bambanta hukuncin abin da aka sassaƙa da na hoton da buƙata ta kawo, irin na fasfo da katin shaida.

A ofis da kasuwa

A harkokin yau, hoto ya karɓi aikin da siffantawa ke yi a da. Ba a buɗe asusun banki, ko ɗaukar ma'aikaci, ko yin fasfo sai da shi, kuma ɗan kasuwa kan tura hoton yaronsa ta WhatsApp domin a san wanda za a damƙa wa kaya. Sai dai fuska tana sauyawa da shekaru, mutane suna kama da juna, kuma ana iya sauya hoto da kwamfuta. Wannan ne ya sa lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN suke haɗa hoton fuska da zanen yatsu. Haka na'urar BVAS da aka yi aiki da ita a babban zaɓen 2023 take tantance mai zaɓe ta yatsa ko ta fuska.

Saboda haka, a takardar shaida ko ta cigiya, “ya yi kama da wane” ƙiyasi ne kawai, “ga siffarsa” bayani ne da za a iya bin diddiginsa, “ga hotonsa” kuma hujja ce da ke neman a gwada ta da mai ita kafin a sa hannu ko a miƙa dukiya.