Gandu Ba Gayauna: Tarihin Rabon Masu Raunin Fahimta a Mafara, Bakura da Maradun

Duk wanda ya san yadda aka shimfiɗa sarauta a ƙasar Hausa ya san fada ba ta bar nakasassu kara zube ba. Daga Kano zuwa Katsina har Sakkwato akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, kowanne da 'yan majalisarsa, yana sasanta rigimar mutanensa, yana raba musu abin da aka samu, in abu ya fi ƙarfinsa ya kai kuka gaban sarki. Makafi sun yi suna wajen tufkar igiya, daga baya kuma a Kano ƙungiyar waɗanda shan-inna ya nakasa ta shiga ƙera kekunan guragu da hannunta. Ko da bara ta yi wa wannan tsari katutu, mutanen nan dai da bakinsu suke magana. Amma akwai rukunin da bai taɓa ganin rawani ba, wato waɗanda aka haifa da raunin fahimta, ko wata cuta ta taɓa musu ƙwaƙwalwa tun suna goye, waɗanda gari yake kira wawa ko dolo ko gaɓo, yau kuma ake sa wasunsu a sahun masu galahanga. Tarihin ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun yana nuna cewa aiki bai taɓa yi wa mutanen nan ƙaranci ba. Abin da aka hana su shi ne mallakar abin da guminsu ya haifar, da ta-cewa a kansa, alhali al'adarmu da shari'armu duk sun tanadi hanyar ba su.

Kafin a tare kogin Sakkwato, rayuwar wannan yanki a kan tudu da fadama ta dogara. Gero da dawa a tudu, shinkafa a fadama da damina, in ambaliya ta janye kuma a bi danshi da albasa da dankali. Tsarin da yake riƙe da wannan noma shi ne gandu. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza suna fita gona guda tun da safe, su yi ta noma har azahar, amfanin ya tafi rumbu ɗaya. Shi kuma maigida ciyarwa tana wuyansa, da haraji, da sadakin auren fari, da ragon suna. Amma gandu bai cinye mutum ɗungurungum ba. Da yamma, da kuma ranar da ba a fita gandu, kowa yakan nufi gayaunarsa, 'yar gonar da abin da ta bayar nasa ne, ya ga dama ya sayar a kasuwar Talata, ya ga dama ya sayi akuya ya ɗaure. Polly Hill ta bayyana wannan tsari dalla-dalla a littafinta na 1972 kan ƙauyen Batagarawa na Katsina, kuma haka yake a mafi yawan ƙasar Hausa. Hatta bayin da ake ajiyewa a rinji akan yanka musu gayauna, har wani ya tara abin da zai fanshi kansa da shi.

A cikin gandu mai raunin fahimta ba ya zaman banza. Shi ne mai korar tsuntsaye in dawa ta fara nuna, shi ne mai kora awaki kiwo, mai yanko ciyawa, mai kai fura gona, mai jidar dami ranar kaka. Ayyuka ne da ake koyo da ido, ana maimaita su kullum, kuma sau da yawa ya fi masu wayon juriya a kansu. Yana samun tuwonsa da rigar salla, wani ma a yi masa aure. Wannan alheri ne, ba a raina shi. Sai dai in aka zo yankan gayauna akan tsallake shi, a ce me zai yi da ita. Ranar rabon gado ma alƙali ko malamin gari zai fitar masa da kasonsa cif, don shari'a ba ta rage wa magaji komai saboda raunin hankalinsa, amma kafin a share makoki babban wa ya haɗe gonar da tasa, hujjarsa kuwa guda ce: ai a gidana yake ci. Ta haka mutum zai yi shekara 40 yana noma gonar da rabinta nasa ne, bai taɓa riƙe kuɗin damin gero ɗaya ba. Gandu ya ba shi rufin asiri, amma ya bar shi a matsayin da ko bawan rinji ya fi shi ta wannan fuska.

Wannan ɗabi'a ba daga littafi ta fito ba. Fiƙihun Malikiyya da malaman Zamfara suka gada, wanda ake karantawa a Muhtasar na Halilu, yana da babi sukutum kan hana mutum tasarrufi da dukiyarsa, kuma tushensa aya ta 5 da ta 6 ne a Suratun Nisa'i. Abin da ake fahimta daga nan shi ne dukiyar ta mai ita ce, waliyyi ɗan amana ne kawai, daga cikinta zai ciyar da shi ya tufatar da shi, kuma ana jarraba wanda ake riƙo don a ga ko ya kai a miƙa masa. Malamai sun bambanta wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya da wanda yake gane wani abu ya kasa gane wani. Dokar Turawa ce ta zo ta yi musu kuɗin goro. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta zuba mai raunin fahimta da mai taɓin hankali a kwando ɗaya, kuma maganinta tsarewa ne. Ba a kawar da ita ba sai a Janairun 2023, da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. 'Yan mishan sun buɗe wa kutare asibiti a Amanawa kusa da Sakkwato, sun buɗe wa makafi makaranta a Gindiri a 1953, amma wannan rukuni bai shiga lissafinsu ba. Inda iyali suka gaji, sai gidan mari, kuma samamen da 'yan sanda suka kai irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina da Daura a 2019 ya nuna wa duniya abin da ake yi a ciki.

Gandu ya fara sassautawa tun zamanin auduga da gyaɗa da cin rani, amma a wannan yanki madatsar ruwa ta Bakolori ce ta girgiza shi. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta a kan kogin Sakkwato, aka kammala a 1978, da nufin shayar da kimanin hekta 23,000. Tafkin ya haɗiye ƙauyuka da fadamu a ƙasar Maradun, aka tayar da dubban mutane. A ɓangaren Mafara da Bakura an karɓe gonaki don a baje su a yanka magudanai, manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, ga diyya tana tafiyar hawainiya. Da suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da yawa. An yi rubutu mai yawa a kan wannan, amma akwai wani sakamako da ba a cika dubawa ba. Daga lokacin gona ta koma abin takarda: sunan wa aka rubuta, wa ya je ofis, wa ya karɓi diyya. Noman rani kuma yana son tsabar kuɗi na taki da iri da hayar tarakta da ladan 'yan ƙwadago. Duk tsarin da ya dogara da layin ofis da sa hannu, mai raunin fahimta ne farkon wanda zai zube a cikinsa. Da 'yan'uwa suka rarrabu kowa ya kama gabansa, sai ya rasa gandun da yake rufa masa asiri, ga shi dama ba shi da gayauna. Irinsa ne ake gani a bakin tasha ranar kasuwa, ya sauke buhunan albasa tun hantsi, in an tashi biya a miƙa wa wanda ya kawo shi, shi kuma a saya masa rake.

Musiba ta biyu ta ƙara yawan waɗanda ake magana a kansu. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maƙwabtan da suke mazaɓar sanata ɗaya da Mafara da Bakura da Maradun. Dalili shi ne gubar dalma. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da ita, kuma a cikin gida ake sarrafa shi: a daka a turmi, a kai injin niƙa, a shanya a tsakar gida, ƙura ta sauka a kan tabarma da kwanon tuwo, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, aka yi wa dubbai magani, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Maganin yana fitar da dalma daga jini, amma ba ya mayar da abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka tsira suna goye a wancan lokacin, yanzu samari ne da 'yan mata, sun kai munzalin sana'a da aure. Ga kuma farfaɗiya da sanƙarau da doguwar naƙuda da tamowa, waɗanda suke barin irin wannan tabo a kowace ƙaramar hukuma.

A wasu ƙasashe nakasassu da kansu suka juya akalar. A 1972 Ed Roberts da abokansa suka kafa cibiyar zaman kai a Berkeley ta Amurka, a 1996 kuma Ingila ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar miƙa wa nakasasshe kuɗin kula da shi a hannunsa, ya zaɓi mai taimaka masa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta ce a taimaki mutum ya yanke shawara, kada a yanke masa. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware wa nakasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wani zai ce wannan duk tunanin Turawa ne, mai buƙatar baitulmalin da Zamfara ba ta da shi. Gaskiya ne gurbin aikin ofis ba zai amfani wanda bai iya karatu ba, kuma ba wanda yake tsammanin albashin wata daga Gusau. Amma ainihin abin da Turawan suka gano, wato a ware wa mutum kaso da sunansa ya juya shi yadda yake so, shi ne gayauna, kuma kakanninmu sun riga su. Zakka ma sharaɗinta mallakawa ne, in an ba mutum ta zama tasa. Zamfara tana da hukumar zakka da waƙafi tun farkon shekarun da jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, don haka tukunya tana nan, abin da ya rage shi ne sunan wa za a rubuta.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: in an ba shi kuɗi a hannu, 'yan damfara za su wanke shi kafin la'asar. Hakan yana faruwa, kuma akwai waɗanda rauninsu ya yi tsananin da dole wani ya riƙe musu komai har abada. Sai dai mafi yawa ba haka suke ba. Wanda ya iya kiwon awakin gida shekara 10 ba tare da ɗaya ta ɓace ba zai iya kiwon tunkiya biyu tasa. Kuma in ana tsoron cuta, a tuna cewa cutar da ta fi cin mutanen nan ba daga baƙo take zuwa ba, daga wanda yake riƙe da gadonsu ne ba mai tambayarsa. Maganin damfara shi ne mataimaki mai amana da shaidu da lissafi, a fara da kaɗan a ga kamun ludayinsa, kamar yadda fiƙihu ya tsara. Masu cewa kuma yanzu lokacin 'yan bindiga ne, mutane ta ransu suke yi, su lura cewa in ƙauye ya watse, mai ƙarfi yakan sami dako ko acaba a gari, wanda ba shi da komai da sunansa kuwa shi ne yake ƙarewa a bara ko a mari. Rashin tsaro dalili ne na gaggautawa.

Wannan yanki bai rasa baki a gwamnati ba. Ahmad Sani Yariman Bakura ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023, shekara 20 ke nan. Amma gyaran da ake buƙata bai ma kai sai an je Gusau ba. Alƙalan kotunan shari'a su riƙa rubuta kason magaji mai raunin fahimta da sunansa, su naɗa waliyyi, su kira shi lissafi duk shekara. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori, da aka ƙarfafa a aikin gyaran da Bankin Duniya ya tallafa tun 2014, su tabbatar fegin irin wannan mutum bai narke cikin na wansa ba. Masu rabon zakka su ba shi akuya ko baro ko jarin da shi ya zaɓa, ba wanda aka zaɓa masa ba. Duk wanda ya sa shi aiki ya miƙa masa ladansa a tafin hannunsa. Sarakunan Mafara da Bakura da Maradun kuma su sa dagatai da masu unguwanni su san mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, su buɗe musu ƙofar kawo kuka. Ciyar da ɗan'uwa mai rauni lada ne, amma cinye gonarsa da sunan ciyarwa cin amana ne, kuma mai yi zai amsa tambaya ranar gobe.