Wa ke ƙirga masu jiran wuta a Magarya da Dungas?

Tun da aka kafa NIGELEC a 1968, kamfanin ne ke sayar da wutar lantarki a Nijar, shi ne kuma ke ƙiyasta wutar da jama'a za su buƙata baɗi da shekarun da ke biye. A kan wannan ƙiyasi ake yanke girman injin da za a saya, da garin da waya za ta kai, da kuɗin da magidanci zai biya. Shekaru da dama ma'aikatar gwamnati ce kaɗai ke duba lissafin: ita ce mai kamfani, ita ce kuma alƙali.

Yamai ta fara shan wutar Najeriya ta layin Birnin Kebbi a 1976. Damagaram da Maraɗi sai a 1994 layin Katsina ya iso musu ta Gazawa. Hukumar sa ido ta farko, ARM, ta zo a 1999, amma an ɗora mata ruwa da makamashi da sadarwa da sufuri, taura huɗu a baki ɗaya. Sai a Disamban 2015 makamashi ya samu tasa, ARSE, wadda ke nazarin farashi kafin gwamnati ta amince. Sabon farashi ya fara aiki a Janairun 2018.

To, ga inda gizo ke saƙa. Hanya mafi sauƙi ta ƙiyasi ita ce a dubi abin da kontar ta nuna bara, a ƙara wani kaso. Wanda ba shi da kontar, babu shi a lissafi. Mai injin niƙa da ke ƙona gazuwal, da likitar ƙauye mai firjin rigakafi, da ɗaliban da ke bita da tocila, duk buƙata ce, amma littafin ciniki bai san da su ba. Ko mai kontar, awoyin da aka ɗauke masa wuta ba sa shiga takarda. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 570 a gundumar Magarya, da sama da dubu 350 a Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, kuma akasarinsu mazauna karkara ne. A ganina, wannan giɓi ne ya kamata ARSE ta fara tambayar kamfani a kai, kafin maganar farashi.

Sannan ƙiyasin buƙata bai wadatar ba in rijiyar ɗaya ce. A Agustan 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta katse wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi, ba ta maido ba sai Maris 2024.

Gwamnati ta ɗauki alkawarin kai wuta ga kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasa kafin ƙarshen 2035. Yaron da ya shiga CI a Dungas a Oktoban 2022, in bai maimaita aji ba, a shekarar zai zauna jarrabawar BAC.