Hafsoshi 'Yan Asalin Sin a Gwamnatin Gurguzu ta Ƙasar Bama, 1962–1988

Manufar wannan maƙala ita ce mu duba ko muƙamin da ɗan baƙo ya samu a gwamnati yana iya zama garkuwa ga danginsa. Mun ɗauki misali daga ƙasar Bama, wadda aka sauya wa suna zuwa Myanmar a 1989.

A ranar 2 ga Maris 1962 Janar Ne Win ya hamɓarar da gwamnatin U Nu, ya kafa Majalisar Juyin Juya Hali. Cikin wakilanta akwai hafsoshi masu jinin Sinawa: Birgediya Aung Gyi, wanda shi ne na biyu a daraja, da Birgediya San Yu, da Kanar Tan Yu Sai. Sai dai dukkansu a matsayin 'yan kishin Bama suka shiga soja, ba wakilan Sinawa ba.

Ba a daɗe ba wannan ya fito fili. A Fabrairun 1963 Aung Gyi ya bar gwamnati saboda saɓani kan tattalin arziki, aka kuma mayar da bankuna hannun hukuma. A 1964 aka ƙwace kantuna, abin da ya karya fataken Sinawa da Indiyawa, dubbai suka yi ƙaura. A Yunin 1967 tarzoma ta ɓarke a Rangun, aka kashe Sinawa, aka ƙone dukiyarsu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982, wadda ta fifita ƙabilun da suka zauna a ƙasar kafin 1823, an zartar da ita ne San Yu na bisa kujerar shugaban ƙasa, wadda ya riƙe daga 1981 zuwa 1988.

Idan muka waiwayo gida, Nijeriya ma ta taƙaita kasuwancin baƙi da dokokin 1972 da 1977. Amma a nan sayar da hannun jari aka tilasta, ba ƙwace ba. Shi ya sa Sinawan Hong Kong, ba tare da ko hafsa ɗaya a majalisar soja ba, suka ci gaba da zuba jari a masaƙu, har da ta Funtua, a tsakiyar yankin noman auduga.

A taƙaice, tanadin doka ne ke kare baƙo, ba yawan taurarin da ke kafaɗar ɗan'uwansa ba.