Albasar Galmi da Hanyoyin Kudu: Tarihin Cinikin da Ya Girma ba Tare da Hukuma ba

1. Gabatarwa

A cikin amfanin gonar da Nijar take fitarwa waje, albasa ce kan gaba. Mafi yawanta daga jahar Tawa take fitowa, daga fadamun Majiya da Tarka, wato yankin Galmi, Madawa da Ƙonni. Tambayar da wannan takarda take son amsawa ita ce: yaya aka yi kaya mai saurin ruɓewa ya kai kasuwannin Ankara, Kumasi, Abijan, Lome da Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 1000, alhali ba wani kamfanin gwamnati da ya ɗauki nauyin sayensa?

2. Daga gyaɗa zuwa albasa

Zamanin mulkin mallaka da farkon ƴancin kai, gyaɗa ce hukuma ta sa wa ido. A 1962 aka kafa SONARA domin saye da fitar da ita. Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta biyo baya a 1975 suka karya wannan noma. Ita kuwa albasa tun da can noman garka ce, ana ban ruwa da guga daga rijiyoyi marasa zurfi, ana kuma busar da ganyenta a yi gabu.

Hukuma ta taimaka ta fannin iri da ruwa. Masu binciken IRAT sun tace irin gida da aka sani da suna Violet de Galmi, sannan INRAN, da aka kafa a 1975, ta ci gaba da aikin. A farkon shekarun 1980 aka gina madatsar ruwan Galmi, bayan farin 1984 kuma gwamnatin Saini Kunce ta dage kan noman rani. Daga baya ƙananan injinan ban ruwa da man fetur mai rahusa da suke shigowa daga Najeriya suka faɗaɗa garake. Amma sayarwa a hannun ƴan kasuwa ta tsaya.

3. Hanya da amana

Ƴan kasuwar nan ba sabuwar hanya suka sara ba. Tun ƙarni na 19 fataken Hausa suke zuwa Gwanja sayen goro, suka bar zango-zango a Salaga, daga baya a Kumasi da Ankara. Tsarin zango shi ne mai gida ya sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa. Dillali kuma ya haɗa shi da mai saye. Albasa ta gaji wannan tsari. Ɗan kasuwa yakan loda kamyo a Galmi, ya aika wa mai gidansa a Gana, shi kuma ya ba matan kasuwa buhuna bashi, kuɗi ya komo bayan an sayar. Babu takarda a tsakani. Wanda ya ci amana, labarinsa yakan riga shi isa gida.

4. Kuɗi da iyaka

Abin da ya fi juya wannan ciniki shi ne darajar kuɗi da halin iyakoki. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Albasar Holan da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Abijan ta yi tsada, ta Galmi ta sami ƙarin kasuwa.

Ta fannin iyaka, an kafa CEDEAO a 1975, aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a a 1979, amma shingayen duwan da jandarma ba su gushe ba, kowace tsayawa kuma asara ce ga kaya mai ruɓewa. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya toshe hanyar Gaya zuwa Malanbil, wadda ta nan motocin Kwatano da wasu na Gana suke bi, albasa ta yi tsada a Ankara. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar.

5. Kammalawa

Tsarin amana ya kai albasa nesa, amma bai kāre manomi ba. Ana girbi a watannin Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Wanda ya ci bashin taki da mai dole ya sayar nan take, a buhun da yake ɗaukar fiye da kilo 100, ba tare da awo ba. Wanda ya iya ajiya a rudu har bayan damina shi ne mai riba, ko da yake wani kashi yakan ruɓe. In kuma aka rufe iyaka, ɗan kasuwa yakan sake hanya ko ya dakata da saye, asarar ta sauka a garka. Saboda haka muna ganin tarihin nan ya nuna inda aiki ya rage: wurin ajiya, awo na gaskiya, da hanyar da ba a rufe ta duk lokacin da gwamnatoci suka sami saɓani.